Kartahena da Haƙƙin Wanda Ake Kallo

Duk wanda ya raɗa wa wannan abu suna "yawon buɗe ido" ya kyautata wa masu yinsa zato. Bahaushe matafiyi ne tun fil'azal, amma kowace tafiya tasa da sunanta da dalilinta: fatauci, cin rani, almajiranci, aikin hajji, ziyarar dangi, ko hijira in ƙasa ta yi zafi. A ce mutum ya ɗaure kaya, ya kashe abin da ya tara, ya ƙetare teku don kawai ya kalli gidajen waɗansu ya juyo, wannan da kakata za ka gaya wa, sai ta tambaye ka ko lafiyarsa ƙalau. Mu ƴan rediyo mun saba da kalmar, muna zuba ta a labarai kamar ruwa: ministan yawon buɗe ido ya ce kaza, masu yawon buɗe ido sun ƙaurace wa Agadas. Ba mu cika tsayawa mu tambaya ba: idon wa ke buɗewa, kuma a kan wa? Wanda ake buɗe idon a kansa, yana da wani haƙƙi a wuyan mai kallo, ko kuwa da an biya kuɗin shiga magana ta ƙare?

Tambayar ta kama ni ne a Kartahena, birnin da ke bakin tekun Karibiyan a ƙasar Kolambiya. Wani ɗan horo na ma'aikatan rediyo ya kai mu, mu goma sha wani abu daga ƙasashe dabam-dabam. Da aka gama, aka bar mana kwana uku kafin jirginmu. A kwana ukun nan na zama mutumin da na daɗe ina karanta labarinsa: mai hula da kwalbar ruwa da waya a hannu, ba saye ya kawo shi ba, ba sayarwa ba.

Garin yana da kyau, kuma ba zan rage masa ko ƙwayar zarra ba. Tsohon birnin yana cikin ganuwa. Titunan ƴan matsattsu ne, gidajen an shafe su da fenti rawaya da shuɗi da ruwan goro, barandar katako ta leƙo kan titi furanni suna zubowa daga gare ta, ƙofofin kuma manya-manya masu ƙusoshin tagulla. Zafinsu ba irin namu na Damagaram ba ne. Namu busasshe ne, yana ƙuna ya wuce. Nasu jiƙaƙƙe ne, yana manne wa mutum kamar rigar da aka sa ba ta gama bushewa ba. Sai la'asar sakaliya iska ke tasowa daga teku, jama'a su hau kan ganuwa su zauna kusa da tsofaffin igogi suna jiran faɗuwar rana.

Wani Basifaniye mai suna Pedro de Heredia ya kafa garin a 1533, a kan wani ƙauyen ƴan asalin ƙasar da ake kira Kalamari. Ba da daɗewa ba ya zama ɗaya daga cikin ƙofofin da dukiyar Kudancin Amurka ke bi ta tafi Sifaniya, kuma inda zuma take nan ƙudaje ke taruwa. A 1586 Baturen Ingila Francis Drake ya ci garin, sai da aka biya shi fansa ya fita. Daga nan aka dage da gina ganuwa, aikin da ya ci kusan shekara 200, ba a kammala ba sai 1796, tsawonta kimanin kilomita 11. A kan wani tudu a wajen birni kuma ga katafariyar ganuwar yaƙi ta San Felipe, mai ramuka da lunguna a cikin cikinta kamar gidan gara. A 1741 Ingila ta sake zuwa da jiragen ruwa 186 ƙarƙashin Edward Vernon. Mai tsaron garin, Blas de Lezo, yaƙe-yaƙen baya sun riga sun ci masa ido ɗaya da ƙafa ɗaya, hannu ɗaya kuma ya shanye. Tun kafin a gama yaƙin mutanen Landan suka buga lambobin murnar nasara, wasu ma da hoton Lezo durƙushe gaban Vernon. Daga ƙarshe zazzaɓin shawara da taurin kan masu tsaro suka kori Turawan Ingila. Riga malam masallaci ke nan. Mai yi mana jagora ya ba da wannan labari har da kwaikwayon ɗingishi, muka yi dariya, muka tafa.

Sunan injiniyan da ya ƙarasa yawancin aikin nan sananne ne, Antonio de Arévalo. Waɗanda suka sassaƙo duwatsun murjani daga gaɓar teku, suka ƙona farar ƙasa, suka ɗauko a ka cikin wannan zafi, ba a rubuta sunansu a jikin bango ba. Da yawansu bayi ne daga Afirka. Kartahena tana cikin tashoshi ƙalilan da sarkin Sifaniya ya yarda a sauke bayi a ƙasashensa na Amurka, kuma tsakanin 1595 da 1640, lokacin da ƴan kasuwar Fotugal ke riƙe da kwangilar, babu tashar da ta kai ta. Mutum fiye da 100,000 aka sauke a nan. In ka shiga birnin ta ƙofar da ke ƙarƙashin hasumiyar agogo, fili na farko da za ka taka shi ne wanda suke kira Dandalin Kekunan Doki. Yanzu mata ke sayar da alewa a ƙarƙashin rumfunansa, gunkin Heredia yana tsaye a tsakiya. A da, a nan ake ciniki da mutane.

A wannan fili ne abokan tafiyata biyu suka saɓa, kuma tun daga lokacin nake juya maganarsu a raina. Ɗaya, wata baiwar Allah daga Senegal, ta mayar da wayarta cikin jaka. Ta ce ita ba ta ɗaukar hoto a maƙabarta, kuma duk garin nan maƙabarta ce da aka yi wa fenti. Ɗayan, saurayi mai fara'a, ya ce haba, abin da ya wuce ya wuce. An soke bauta a Kolambiya tun dokar 1851, mu da muka zo hutawa ba za mu ɗauki zunubin matattu a kanmu ba.

Ita na fi jin tausayin matsayinta, amma ban bi ta ba. Ga dalilina. Bangon nan da ya yi ƙarni biyu yana shan gishirin teku bai faɗi ba, hannu ne ya daidaita shi, kuma hannun ya san aikinsa. Zaluncin na wanda ya tilasta ne, gwanintar ta mai hannun ce. In na rufe ido na ce ba zan ga kyawun ba, na sake yi wa maginin ƙwace: an hana shi ladan aikinsa yana raye, ni kuma na hana shi yabon aikinsa yana kwance. Bayan haka, akwai wani abu da ban yarda da shi ba a cikin baƙin cikin baƙo. Yana da arha. Mutum ya tsaya minti goma ya yi shiru, ƙwalla ta cika masa ido, ya ji a ransa shi mutumin kirki ne, sa'an nan ya wuce gidan abinci ya sa a soya masa kifi. Masu shirya tafiye-tafiye sun gane haka, shi ya sa alhinin ma suka sa shi cikin jadawali, tsakanin ziyarar coci da cin abincin rana. Ba na zargin ƴar'uwata da wannan, nata na gaske ne. Amma wayar da ta shiga jaka ba ta ƙara wa kowa komai a Kartahena ba.

Shi kuwa saurayin, maganarsa ba ta bukatar dogon musu, ido kawai take bukata. Da yamma ka zaga gidajen cin abinci na cikin ganuwa, ka dubi launin waɗanda ke zaune, ka dubi launin masu ɗauko faranti da masu tura amalanke da masu shara. Abin da ya wuce ba ya tsayuwa da tire a hannu yana jiran ka gama.

Akwai mutane biyu a tarihin garin da suka sa na gane cewa kallo iri-iri ne, kuma dukansu limaman Kirista ne na ɗariƙar Jesuwit. Na farko Alonso de Sandoval. Shekaru ya yi yana shiga ɗakunan da ake tsare sababbin bayi, yana tambaya, yana rubutawa. A 1627 aka buga littafinsa a birnin Sebiya. A ciki ya jera ƙabilun da ake kawowa daga kogunan Gine da Angola da Kwango, da harsunansu, har da irin tsagen da ke fuskar kowace ƙabila. Mu da muka tashi muna gane Bagobiri da Babarbare daga aska mun san darajar wannan sani. Masana tarihi har gobe suna cin moriyar littafin. Sandoval ya kwatanta ƙazanta da yunwa da sarƙa ba tare da ya ɓoye ba, ya soki mugunta, amma bai kai ga cewa a rushe cinikin ba. Abin da ya fi damunsa shi ne ko an yi wa mutanen baftisma yadda ya kamata.

Na biyu almajirinsa ne, Pedro Claver. Ya zo Kartahena a 1610, ya mutu a can a 1654. Kusan shekara arba'in, duk jirgin da ya shigo, yana tarbarsa da ruwa da lemo da magani, ya sauka cikin ramin jirgin da ko masu jirgin ba sa son shiga saboda wari, ya wanke gyambo, ya rufe tsiraicin wanda ba shi da sutura. A takardar alwashinsa ya kira kansa bawan baƙaƙen fata har abada. A 1888 Coci ta ɗaga shi zuwa matsayin waliyyi, ƙasusuwansa kuma suna cikin akwatin gilashi a cocin da ke ɗauke da sunansa, na gan su da idona. Ni Musulmi ne, amma na tsaya gabansu da girmamawa, don mutumin da ya yi shekara arba'in yana wanke gyambon waɗanda duniya ta zubar ba abin wasa ba ne. Duk da haka, tafintocin da yake aiki da su bayi ne mallakin makarantar ɗariƙarsa, kuma da ya gama jinyar mutum, kasuwa ake wucewa da shi. Ya ga ciwon, ya taɓa shi da hannunsa, ya bar wuƙar inda take.

Na daɗe a kan waɗannan biyu domin sun fi kowane ɗan yawon buɗe ido kallo nesa ba kusa ba. Ɗaya ya kalla don ya sani, ɗaya ya kalla don ya ji ƙai. In har su kallonsu bai wanke su tas ba, ina ga ni da na zo da kwana uku da waya? Wanda ya ga abin yadda yake, a ganina, shi ne na ukunsu, wanda ba a gina masa coci ba: Benkos Biohó. Daga yankin Gine-Bisau ta yau aka kamo shi. Wajen shekarar 1600 ya tsere da wasu, suka shiga fadamu da dazuzzukan kudu da birnin, suka kafa sansani mai shinge, irin wanda Sifaniyawa ke kira palenke. Ya addabi gwamnan har aka yi sulhu da shi, aka bar shi yana shigowa gari da tufafin manya. Daga baya aka ci amanarsa, aka kama shi, a 1621 aka rataye shi. Waɗanda suka gaji tafarkinsa ba su miƙa wuya ba, kuma a 1713 aka ƙulla yarjejeniyar da ta tabbatar wa garinsu ƴanci. Garin yana nan, San Basiliyo na Palenke, kimanin kilomita 50 daga Kartahena. Suna da harshensu, Sifaniyanci ne da ya sha Kikwango da Fotuganci; suna da waƙoƙin makoki da suke kira lumbalu; suna da ƙungiyoyin tsara da mutum ke shiga tun yana yaro ya mutu a ciki. A 2005 hukumar UNESCO ta sa al'adunsu cikin kayan gadon ɗan Adam.

Daga wannan gari ne asalin matan da hotonsu ya zama tambarin Kartahena. Duk wanda ya nemi sunan birnin a intanet zai gan su: baƙaƙen mata cikin doguwar riga mai launin tutar Kolambiya, rawaya da shuɗi da ja, da kwano cike da abarba da gwanda da ayaba a ka. Asalin abin talla ne. Iyayensu da kakanninsu sun yi ta shigowa birni suna sayar da ƴaƴan itace da alewar kwakwa da wani dunƙule da suke kira alegriya, wanda ake yi da hatsi dangin dawarmu, a fasa shi kamar gugguru a haɗa da mazarƙwaila. Yau kuwa, a cikin ganuwa, da yawansu abin da suke sayarwa shi ne hoton. Kayan kwanon ado ne.

Na je wurin ɗaya daga cikinsu, dattijuwa ce da za ta yi sa'ar innata. Na gaishe ta da ɗan Sifaniyancin da na tsinta, abokin aikinmu ɗan ƙasar yana fassara sauran. Na ce, "Inna, sannu da rana. Yaya kasuwa?" Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗana, daga ina?" Na ce daga Afirka, ƙasar Nijar. Ta yi dariya har kwanon ya girgiza bai faɗo ba, ta kira ƴar'uwarta ta zo ta ga ɗan Afirka na gaske. Suka tambaye ni ko matanmu ma a ka suke ɗaukar kaya, na ce har da tulu. Muka yi hira ta kusan minti goma. Da na ce ina son hoto, fuskarta ta koma ta ƴar kasuwa, ta faɗi kuɗi: peso 20,000, wajen jika uku namu. Na biya. Ta baza rigar da hannu ɗaya, ta yi murmushin da ta yi wa mutum ɗari kafin ni. Murmushin hoton da dariyar da ta yi ɗazu ba ɗaya ba ne, kuma ba ta yi ƙoƙarin ɓoye mini hakan ba.

Wani zai ce ai wannan wulaƙanci ne, jikar mutanen da suka karya sarƙa ta koma sayar da fuskarta a filin da aka sayar da kakanninta. Na ji nauyin maganar, amma ina ganin an juya ta ne. Na taɓa zuwa Ingal aikin rahoto lokacin bikin shan gishiri, na ga yadda baƙi ke yi wa samarin Wodaɓe. Mutum ya zo da kyamara mai dogon baki, ya kusa cusa ta cikin hancin yaro, ba sallama, ba tambaya, ya ɗauka ya juya. Hoton ya je ya hau bangon mujalla a Paris, mai fuskar bai san an yi ba. Na ga ana yi wa masu tallan nono haka a bakin tasha. Wannan shi ne ƙwace. Dattijuwar Kartahena ta hana a yi mata shi. Ta gane cewa fuskarta da rigarta da tarihin garinsu kaya ne da wasu ke cin riba da su, gidajen saukar baƙi da kamfanonin jiragen ruwa da ita kanta hukumar birni, sai ta sa musu farashi, ta tsaya a kai. Ka ɗaga waya ba ka biya ba, za ka ji muryarta har ƙarshen titi. Ba ta ba ni tausayi ba, ta burge ni.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da kuɗin ke yi wa mai biya. A al'adarmu baƙo yana da haƙƙi, amma shi ma akwai abin da ke kansa. Zai yi sallama, ya faɗi daga inda ya fito, ya ci abin da aka ba shi ko bai yi masa daɗi ba, ya kau da kai daga abin da bai kamata ya gani ba, in ya koma gida kuma ya faɗi gaskiyar yadda ya samu mutane. Ana iya tambayarsa, ana iya yi masa dariya, shi ma abin kallo ne. Harkar yawon buɗe ido ta zamani an gina ta ne don a sauke wa baƙo wannan kaya duka. Ka biya, shi ke nan, ba wanda zai tambaye ka sunan ubanka. Manyan jiragen ruwan shaƙatawa suna tsayawa a tashar Kartahena da safe, su zubo mutum dubbai, a zaga da su sa'o'i kaɗan, kafin magariba sun koma ciki. Sun ga kowa, ba wanda ya san su. Kuɗin hoto ya biya hoton, wannan daidai ne. Kuskuren shi ne mutum ya ɗauka ya biya har da gaisuwar, ya biya har da tarihin, ya sayi izinin ɗaukar mace mai ƴaƴa da jikoki kamar wani ɓangare na fentin bango.

Kada kuma ɗan'uwana baƙar fata ya ce shi wannan bai shafe shi ba. Akwai daɗin baki da muke yi wa kanmu in mun je irin waɗannan wurare: ai ƴan'uwanmu ne, ai jininmu ne, gida muka zo. Dattijuwar nan ta yi murnar ganina, amma ba ta rage mini ko peso ɗaya ba, kuma ta yi daidai. Ni na zo da jirgin sama, ina kwana a ɗaki mai na'urar sanyi, zan tafi jibi. A ma'aunin wannan titi ina ɓangaren masu waya. Ko ta fuskar tarihi ma sai a yi hattara. Yawancin waɗanda aka sauke a Kartahena daga yankin Senegambiya da Gine da Angola da Kwango suke, daga baya kuma gaɓar Benin. Hausawa da yawa an kai su ƙetaren teku, amma Bahiya ta Barazil aka fi kai su, a farkon ƙarni na 19. Sa'an nan ga abin da ya fi ɗaci: ƙasashenmu ba waɗanda aka kama kaɗai suka haifa ba, sun haifi masu kamawa da masu sayarwa. Daular Damagaram da nake alfahari da ita ta yi ƙarfi da fataucin Sahara a zamanin Sarki Tanimun, kuma bayi suna cikin hajar da ke tafiya Tarabulus. Sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da bautarwa laifin da ake ɗaure mutum a kansa. A 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci cewa ƙasarmu ta kasa kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12. Har yau akwai gidajen da in an zo neman aure sai an bincika ko akwai igiya a asalin yaro. Wanda ya zubar da hawaye a Dandalin Kekunan Doki, ya dawo gida ya hana ƴarsa auren wani don an ce kakansa bawa ne, to hawayen nan na yawon buɗe ido ne.

Akwai kuma wata ɓarna da kallo ke yi ko da mai kallon mutumin kirki ne. Dab da tsohon birni akwai unguwar Getsemaní, unguwar masu sana'ar hannu da ƴantattun bayi tun zamanin mulkin Sifaniya. Daga nan ne wani maƙeri mai jinin Afirka, Pedro Romero, ya jagoranci jama'a a ranar 11 ga Nuwamban 1811 suka tilasta wa manyan gari shelar ɓallewa daga Sifaniya. Shekaru da yawa masu kuɗi suna ƙyamar unguwar. Da baƙi suka gano ta, suka ce a nan ne ake ganin rayuwa ta ainihi: tsofaffi suna wasan domino a ƙofar gida, yara suna ƙwallo a filin cocin Tirinidad. Sai gidajen saukar baƙi suka biyo baƙin, haya ta tashi, masu gida suka sayar, ƴan haya suka kwashe kaya zuwa bayan gari. Mutanen da aka zo kallo kallon ne ke korarsu, ana maye gurbinsu da zanensu a jikin bango. Wata unguwar baƙaƙen fata da ke gindin ganuwa, Chambacú, wadda marubuci Manuel Zapata Olivella ya rubuta littafi sukutum a kanta, ita tun farkon shekarun 1970 aka tashe ta ɗungurungum, aka watsa mutanenta a gefen gari. Ni ma a Getsemaní na kwana, kuɗina suna cikin abin da ke ɗaga hayar. In na ƙi zuwa kuma, matar da ke soya wainar masara da ƙwai a bakin filin ta rasa ciniki ɗaya. Duk ta inda ka ɓullo akwai wanda zai ji a jikinsa, shi ya sa ban yarda da mai cewa kallo ba ya cutar da kowa ba, kuma ban yarda da mai cewa zama a gida tsarki ne ba. Abin da ya rage a hannun baƙo ƙanana ne: wurin wa zai kwana, wurin wa zai ci, wa zai tambaya labarin gari, kuma me zai faɗa in ya koma.

Ranar ƙarshe abokin aikinmu ɗan ƙasar ya fitar da ni daga ganuwa ya kai ni kasuwar Basurto. Can babu furanni. Akwai ƙarnin kifi da taɓo da hayaƙin gawayi da ihun ƴan dako, kai ka ce babbar kasuwar Maraɗi ce aka kawo bakin teku. A can na ji kiɗan da suke kira champeta yana fita daga lasifikoki masu tsawon mutum, waɗanda aka zane da launuka masu ɗaukar ido. Piko suke ce musu. Da jin jitar na tsaya, don na san wannan salon, na sha sa irinsa a shirin zaɓen masu saurare. A shekarun 1970 da 1980 ma'aikatan jiragen ruwa sun riƙa shigo da fayafayan garmaho daga Kwango da Najeriya da Afirka ta Kudu, masu piko suna rububinsu. Kowa yana son ya mallaki waƙar da abokin gasarsa ba shi da ita, don haka sai su kankare takardar da ke jikin faifan, kada a san sunan mawaƙin balle a nemo. Tunda ba sa jin harshen, sai su raɗa wa waƙar sunan Sifaniyanci daga abin da kunnensu ya jiye musu. Daga baya matasansu suka fara yin nasu a kan wannan tubali. Manyan gari sun daɗe suna yi wa kiɗan kallon na ƴan iska.

Wannan ya taɓa ni a matsayina na mai aikin murya. Shekara da shekaru mutanen nan suna sauraronmu ba su taɓa ganinmu ba, ba su da hotonmu ko ɗaya, kuma abin da suka ɗauka daga wurinmu bai rage mu da komai ba. Ido yana fizgar abu cikin ƙiftawa ya wuce; kunne dole ya jira mai magana ya kai aya.

A wata rumfa da ke sayar da waƙoƙi a katin waya muka zauna. Mai rumfar, wani dattijo mai furfura a gemu, da ya ji daga inda nake sai ya sa mini wani tsohon faifai, ya ce in fassara masa, shekara talatin yana rawa da shi. Lingala ne. Na yi masa bayani cewa daga garinmu zuwa Kinshasa tafiya ce ta ƙetare ƙasashe, harshenmu dabam. Bai ji daɗi ba, amma ya ce to in sa masa namu. Na lalubo Ɗan Maraya Jos a wayata. Ya kashe nasa kiɗan, ya kara wayar a kunne, bai ce uffan ba har kuntigin ya yi shiru. Ya tambayi igiya nawa ce a jikin abin, na ce ɗaya. Ya ce ƙarya ne. Na rantse masa. Ya sa na tura masa waƙar, sa'an nan ya riƙo hannuna, ya nuna rumfar da ke kallon tasa da haɓa, ya ce wa mai fassara ya gaya mini kada in kuskura in ba wancan.